KADA WANKIN HULA YA KAI MU DARE: SHIRIN WANKIN TUFAFI DOMIN RANAR WAHALA

In aka ce za a koya wa matan Bebeji, ko Kiru, ko Tudun Wada, ko Doguwa yadda a ke wanki da hannu, lalle za su yi dariya. Tun suna 'yan mata su ke yi, kuma yawancinsu ba su taɓa sa riga a cikin injin wanki ba. Hannu da daro da sabulu da rana, su ne injinmu tun kaka da kakanni. A ƙasashe irin su Amurka da Ingila ne ɗaukewar wutar lantarki ta kan hana mutum wanke rigarsa.

Amma wankin yau da kullum dabam ne da wankin ranar wahala. Ranar da ambaliya ta ci gari, ko annoba ta shigo unguwa, ko injin rijiyar burtsatse ya tsaya, ba wuta ce za mu rasa ba, gama ba da ita mu ke wanki ba. Abin da za mu rasa shi ne ruwa mai tsabta, da sabulu, da wurin shanya. A irin wannan rana, wankin da aka yi yadda aka saba ya kan iya yaɗa cutar da a ke gudu. Saboda haka ya kamata kowane gida ya san dabarun wankin ranar wahala tun wahalar ba ta zo ba. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

ABIN DA YA TAƁA SAMUNMU

Kudancin Jihar Kano ƙasar ruwa ce. Yankin Doguwa da Tudun Wada ya fi sauran jihar samun ruwan sama. Kogin Kano ya taso daga duwatsun kudu, ya ratsa dajin Falgore, sa'an nan ya zuba cikin tafkin Tiga. An gina madatsar Tiga tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, kuma ita ce ke shayar da gonakin noman rani na wajen Kadawa da Kura. Ruwan nan albarka ne, amma ranar da ya fi ƙarfin maƙwabtansa ba ya sallama.

Dattawan ƙasar Bebeji ba su manta da watan Agusta na 1988 ba, lokacin da madatsar Bagauda ta ɓalle bayan ruwan sama mai yawa, ta tafi da gidaje da gonaki da rayuka. A ƙarshen watan Agusta na 2001 kuma, ruwan da ya fito daga madatsun Tiga da Challawa ya mamaye garuruwa da yawa a Kano da Jigawa. Ko a watan Satumba na 2024 mun ji yadda madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya shanye babban sashe na birnin Maiduguri. Garuruwan da ke sama da Tiga ma ba su tsira ba, gama a can rafuka ne ke cikowa farat ɗaya, su yanke hanya, katangun ƙasa su zube, masai ya cika ya tumbatsa cikin rijiya.

Bayan ruwa sai cuta. A shekarar 2021, Hukumar Yaƙi da Cututtuka ta Nijeriya, watau NCDC, ta lissafta fiye da mutum 100,000 da a ke zaton sun kamu da cutar amai da gudawa, watau kwalara, fiye da 3,000 kuma suka rasu. Kano tana cikin jihohin da abin ya fi tsanani.

Rashin wuta ma yana taɓa mu ta bayan gida. A watan Oktoba na 2024 manyan layukan da ke kawo wuta Arewa suka lalace, Kano da maƙwabtanta suka yi fiye da mako guda cikin duhu. Duk rijiyar burtsatsen da ke jan ruwa da lantarki sai ta tsaya, ko kuwa a koma ga janareta da tsadar mai. Ashe ko wanda ba shi da ƙwan fitila a ɗakinsa, in daga irin wannan rijiya ya ke ɗibar ruwa, ɗaukewar wuta ta shafi wankinsa.

ME YA SA WANKI YA SHIGA LISSAFI?

Wani zai ce, mutumin da gidansa ya rushe, ina ruwansa da wanki? Abinci da wurin kwana su ne a gaba. Gaskiya ne. Amma a duba yadda zaman gudun ambaliya ya ke. Iyali goma sun cunkushe a ajin makarantar firamare, kowa da rigar da ya tsira da ita, ana kwana a tabarma ɗaya, ana rufa da mayafi ɗaya. Kafin mako biyu ƙazwa da ƙwarƙwata sun bi yara. Tsumman jariri mai gudawa yana jiran ruwa, ƙudaje suna tashi daga kansa suna sauka a kan tuwo. Tawul ɗaya ya share idon yaro mai kwantsa, ya share na ƙanensa. Ta haka ƙazantar tufafi ta kan zama ciwo.

Ban da lafiya, akwai mutunci. Magidancin da ya rasa kome, in ya sami riga mai tsabta ya sa, ya kan ji ƙarfin fita neman abin da zai rufa wa iyalinsa asiri. Ko a Amurka, bayan guguwar Katrina ta 2005, sai da kamfanin sabulun Tide ya aika da babbar mota cike da injunan wanki domin a wanke wa mutane kayansu kyauta. Mu ba mu jiran irin wannan mota. Shirinmu yana hannunmu.

LISSAFIN RUWA DA SABULU

Ƙungiyoyin agaji na duniya suna da wani littafin ma'auni mai suna Sphere, wanda su ke bi a sansanonin 'yan gudun hijira. A cikinsa an ƙayyade cewa kowane mutum yana bukatar aƙalla lita 15 na ruwa a rana, domin sha da dafuwa da tsabtar jiki. An kuma ƙayyade giram 250 na sabulun wanka da giram 200 na sabulun wanki ga kowane mutum a wata.

To, bari mu auna da gida mai mutum 8. Ruwansu na rana ɗaya lita 120 ke nan, watau kusan jarka 5 irin ta 'yan garuwa mai cin lita 25. In an cire na sha da na girki da na wanke hannu da na wanka, abin da zai rage domin wanki kaɗan ne ƙwarai. Sabulun wankinsu na wata ɗaya kuwa giram 1,600 ne, watau kilo ɗaya da rabi da 'yar ɗoriya. Maigida ya tambayi kansa: in yau hanyar kasuwar Tudun Wada ko ta Kwanar Dangora ta yanke, sabulun kwana nawa ne a gidana?

Lokacin sayen sabulun ajiya shi ne da kaka, sa'ad da aka sayar da masara ko shinkafa, kuɗi yana hannu. Sabulun sanda ya fi na gari daɗin ajiya, gama na gari ya kan sha danshi ya dunƙule. A yanka sandar gunduwa-gunduwa, a bar ta ta sha iska ta yi tauri, domin busasshen sabulu ba ya saurin narkewa. Sa'an nan a zuba a gwangwani ko roba mai murfi, a ajiye a wuri mai bisa, gama ɓera yana cin sabulu, ruwa kuma yana bin ƙasa.

WANKI DA RUWA KAƊAN

In ruwa ya yi ƙaranci, ba kome a ke wankewa ba. Na farko su ne tsumman jariri da kayan marar lafiya. Na biyu kamfai da sauran kayan da ke manne da jiki, da ƙunzugun mata. Na uku tufafin yara da tawul da mayafi. Babbar riga da bargo su jira, a kakkaɓe su a baza a rana.

Ga dabarar daro uku, wadda ta kan sa jarka ɗaya ta yi aikin biyu:

1. A jera daro uku. Na fari na ruwan sabulu ne, na biyu na ɗaurayar farko, na uku na ɗaurayar ƙarshe.

2. A jiƙa kayan a daro na fari kamar rabin sa'a kafin a fara cuɗawa. Jiƙo yana rage wahalar hannu, yana kuma rage cin sabulu.

3. A fara da fararen kaya da marasa dauɗa sosai, a bi da masu launi, a ƙare da kayan gona.

4. A matse kowace tufa sosai kafin a sa ta a daro na gaba. Nan ne asirin ya ke. Ruwan sabulun da aka matse ya koma daro na fari, ba sai an nemi wani ruwa domin fitar da shi ba.

5. In ruwan daro na fari ya yi baƙi, a zubar da shi. Daro na biyu ya zama na sabulu, na uku ya zama na biyu. Sabon ruwa a daro ɗaya kaɗai za a zuba, watau na ƙarshe.

Kada a cika garin sabulu. Yawan kumfa ba shi ne tsabta ba, ruwan ɗauraya kawai ya ke ci. Ruwan sama da aka tara daga rufin kwano ya fi na rijiya kama sabulu, amma a bar zubowar farko ta wanke rufin tukuna. In ruwa gurɓatacce kaɗai aka samu, a bar shi ya kwanta, ko a kaɗa ɗan alif a ciki, ko a daka ƙwayar zogale busasshiya, kamar ƙwaya ɗaya ga kowace lita, a motsa a bari na sa'a guda, sa'an nan a tsiyaye na sama ta cikin ƙyalle. Wannan ruwa ya isa wanki, amma bai zama na sha ba sai an tafasa shi ko an sa masa magani.

Kayan da ruwan ambaliya ya jiƙa kuwa, a ɗauke su kamar kayan da suka faɗa masai, gama ruwan ya bi ta masai da turken dabbobi kafin ya shigo ɗaki. Kada a tara su jiƙe a lungu, za su yi fumfuna su ruɓe. In babu ruwan wanki nan da nan, a baza su su bushe, a kakkaɓe taɓon, sa'an nan a wanke in hali ya samu.

Manoma kuma su lura. Rigar da aka yi feshin maganin ciyawa ko na ƙwari da ita, ba a haɗa ta da kayan iyali ko da ruwa ya yi ƙarancin da ya yi. Ta sami nata bokiti dabam, wanda ba a ɗibar ruwan sha da shi.

Ina za a zubar da ruwan wanki? A haƙa rami mai zurfin gwiwa, a cika shi da tsakuwa ko fasassun tubali, a riƙa zubawa a ciki. Ramin ya yi nisan aƙalla mita 30 da rijiya, watau kamar taku 40 na babban mutum, kuma ya kasance ta gangare, ba ta sama da rijiyar ba. Ruwan da aka watsa a tsakar gida ya kwanta, gidan sauro ne.

A ƊEBO RUWA, KADA A SHIGA RUWA

In rijiya ta ƙafe ko ta gurɓace, sai mata da yara su ɗauki kaya su nufi bakin tafki, ko hanyar ruwan noman rani, ko kududdufi. A nan akwai wani haɗari da ido ba ya gani, watau tsargiya, cutar da ke sa yaro fitsarin jini. An daɗe da saninta a yankunan noman rani na Kogin Kano. Ga yadda ta ke tafiya. Mai cutar ya yi fitsari ko bayan gida a ruwa, ƙwayayen tsutsar su ƙyanƙyashe su shiga jikin wata 'yar katantanwa da ke zama cikin ciyayin bakin ruwa. Bayan 'yan makonni ƙananan tsutsotsi su fito daga jikinta su bazu cikin ruwa, sun kuwa fi fitowa da tsakar rana, daidai lokacin da a ke wanki. Ba sai an sha ruwan ba. Ta fatar ƙafa da ta hannu su ke shiga.

Tsutsotsin nan ba su da tsawon rai in ba su sami jikin mutum ba. In aka ɗebo ruwan aka ajiye shi a randa ko jarka har kwana 2 cur, sun mutu, in dai ba a ɗebo da katantanwa a ciki ba. Saboda haka dabarar ita ce a ɗebo ruwa da guga daga kan gaɓa, a kai gida, a bar shi ya kwana biyu, sa'an nan a yi wanki da shi. Wanda ya ga jini a fitsarin ɗansa ya kai shi asibiti. Akwai magani mai suna farazikwantel, wanda a kan raba wa yara a makarantu.

Akwai wani labari mai daɗin ji game da wanki da wannan cuta. A shekarar 1964, wani masani ɗan ƙasar Habasha mai suna Aklilu Lemma yana bincike a bakin wani rafi a garin Adwa, sai ya lura katantanwa sun mutu da yawa a ƙasa da inda mata ke wanki, alhali na sama suna nan da rai. Da ya bincika, ashe 'ya'yan wani tsiro mai suna endod, wanda matan ke amfani da shi a maimakon sabulu, su ne ke kashe su. Wannan bincike ya kai shi ga samun lambar yabo ta duniya a 1989. Ilmin matan ƙauye ne ya buɗe wa masani ido. Mu ma muna da itace mai irin wannan hali, za mu zo kansa a gaba.

TUFAFIN MAI AMAI DA GUDAWA

Wannan shi ne wanki mafi haɗari duka, kuma a nan ne alheri ya kan juye ya zama musiba. Uwa ta kwashe zannuwan ɗanta mai gudawa ta kai rafi domin ta tsabtace su, waɗanda ke ɗibar ruwan sha a ƙasa da ita su kwashi cutar. Ko ta wanke a bakin rijiya, ruwan ya tsiyaya ya koma ciki. Doka ta farko ke nan: kayan mai amai da gudawa ba sa zuwa rafi, ba sa zuwa bakin rijiya ko famfo.

Marar lafiyar dai a fara ba shi ruwan gishiri da sukari, a garzaya da shi asibiti ba tare da jinkiri ba. Kayansa kuma a bi da su haka:

1. A kankare ƙazantar da itace a zuba a masai, a jefa itacen a ciki.

2. A kashe ƙwayar cutar kafin a sa hannu. Hanya biyu ce. Ko dai a tafasa ruwa a sa kayan a ciki ana juyawa da sanda har minti 5, ko kuwa a jiƙa su minti 10 cikin ruwan bilic, irin su Hypo ko Jik.

3. Wajen haɗa ruwan bilic a duba jikin kwalbar ko ledar. In an rubuta 3.5%, sai a zuba awo 1 na bilic cikin awo 16 na ruwa mai sanyi. Da gwangwanin da aka auna bilic, da shi za a auna ruwan. A haɗa sabo kowace rana, gama ƙarfinsa yana gudu.

4. Bayan haka a wanke da sabulu yadda aka saba, a ɗauraye, a shanya a rana mai ƙarfi.

5. Mai wankin ta wanke hannunta da sabulu har gwiwar hannu kafin ta taɓa abinci ko ta ɗauki jariri.

Bilic yana cin launin atamfa, amma gara zane ya koɗe da a rasa rai. Kada a gauraya shi da wani maganin wanke masai, gama haɗin yana ta da iska mai guba. Kada kuma a zuba shi a kwalbar lemo inda yaro zai ɗauka ya sha. Haka nan za a yi da tufafi da shimfiɗar wanda cutar ta yi ajalinsa, kafin a raba wa 'yan'uwa.

Domin kada hannu ya taɓa irin waɗannan kaya, ga wata dabara mai sauƙi. A sami bokiti mai murfi, a huda tsakiyar murfin daidai kaurin sanda. A zuba kaya da ruwan sabulu zuwa rabin bokitin, a zura tsohuwar muciya ta cikin hudar, a rufe, a riƙa dakawa a hankali kamar ana sussuka a turmi. Murfin yana hana fantsama. Muciyar nan kuwa ta yi sallama da tukunyar tuwo har abada.

Tafasa tana cin itace, itace kuwa ya yi tsada. Saboda haka ba kowane wanki a ke tafasawa ba, sai na marar lafiya, da na gidan da ƙazwa ko ƙwarƙwata ta shiga.

IN SABULU YA ƘARE

Kakanninmu sun yi wanki tun ba a kawo sabulun kanti ba. Kowace uwargida ta san yadda a ke tace toka domin miya. Ruwan tokar nan yana cin maiƙo da dauɗa. A tankaɗe farar tokar itace ko ta karan dawa, ban da tokar bola wadda aka ƙona leda a ciki. A zuba a tsohuwar tukunyar ƙasa mai huda a gindi, a shimfiɗa ciyawa ko tsumma a ƙasanta, a zuba ruwa a tari abin da ke ɗigowa. In aka murza shi a yatsu aka ji santsi, ya yi. A sirka shi da ruwa, a jiƙa kayan auduga a ciki, a cuɗa, a ɗauraye sosai. A kiyaye ido, kada kuma a daɗe da hannu a ciki, gama yana cin fata. Ba a zuba shi a tukunyar alminiyam, yana cinye ta. Kayan jariri a ƙara musu ɗauraya.

Daga ruwan toka da mai ne a ke dafa sabulun salo. In akwai tsohuwar da ta iya a unguwa, ya kamata ƙungiyar mata ta zauna a gabanta ta koya tun tana da rai. Sana'a ce, kuma kāriya ce ranar da hanya ta yanke.

Itacen da muka ambata ɗazu kuwa aduwa ce. Ɓawonta da saiwarta, in aka daddaka aka kaɗa a ruwa, suna kumfa, kuma an daɗe ana wanki da su a ƙasar Hausa. Tun 1933 wani likita mai suna Archibald ya nuna a ƙasar Sudan cewa 'ya'yan aduwa suna kashe katantanwar tsargiya. Amma abin da ke kashe katantanwa yana kashe kifi, saboda haka ruwan aduwa ramin tsakuwa za shi, ba tafkin da masunta ke ci da shi ba. A ɓanɓari ɓawon ta gefe ɗaya kaɗan, kada a kewaye itacen, in ba haka ba zai mutu.

SHANYA DA GUGA

Rana ita ce ke ƙarasa aikin da sabulu ya fara, gama zafinta da haskenta suna kashe ƙwayoyin cuta da yawa. Amma a shanya a kan igiya, ba a ƙasa ba. Akwai wani ƙuda da ke yin ƙwai a ƙasar da aka yi wa fitsari, da kuma a jikin tufafi masu danshi da ke cikin inuwa. In aka sa wa yaro rigar, tsutsar ta shiga fatarsa, ta fito kamar maruru mai motsi a ciki. Dutsen guga na gawayi yana kashe ƙwan. A bi da shi ciki da waje, musamman kan ɗinki, inda ƙwarƙwata ke ɓoye ƙwayayenta. Gidan da ke da dutsen guga na gawayi kada ya yar da shi domin ya sayi na lantarki.

Abin da ba ya wankuwa, in mai ƙazwa ya yi amfani da shi, a ɗaure shi tam cikin leda har mako guda. Ƙwaron ƙazwa ba ya wuce 'yan kwanaki da rai in ya rabu da jikin mutum.

Ƙunzugu ma yana bukatar rana. Kunya ta kan sa a shanya shi a ƙarƙashin gado, inda ba ya bushewa, ya jawo ƙaiƙayi da ciwo. A keɓe wa mata igiya a bayan ɗaki, a rufa ƙyalle marar kauri a kai in ana jin nauyi.

A cikin marka, sa'ad da rana ta kan ɓuya kwana da kwanaki, a ɗaura igiya a rumfa ko zaure inda iska ke ratsawa, a matse kaya sosai, a ba su tazara. Kada a ninke tufa da sauran danshi.

AIKIN GARI DUKA

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wanki ya fi faɗawa kan mata, amma shirinsa na kowa ne. Matan da ba sa fita, ruwan da aka kawo musu kaɗai su ke da shi, saboda haka ɗibar ruwa da haƙa rami da sayen sabulu suna wuyan maigida da samarin gida. Saurayin da ya iya wanke babur ɗinsa ya iya wanke rigarsa.

Dagaci da masu unguwa da kwamitin ruwa su zauna tun da bazara su amsa tambayoyi uku. In injin burtsatse ya tsaya, wace rijiya ko wane famfon tuƙa-tuƙa za a koma, kuma yana aiki yanzu? In ambaliya ta kore mu zuwa makaranta, a ina za a yi wanki, ina ruwan zai gangara? Wa zai sanar da malamin asibiti da duba-gari in aka ga mutum biyu ko uku da amai da gudawa a rana ɗaya? Littafin Sphere ya ce a tanadi wurin wanki ɗaya ga kowane mutum 100. Daɓen siminti mai magudana zuwa ramin tsakuwa aikin gayya ne na kwana ɗaya ko biyu.

A cikin gida kuma, kafin watan Yuli ya kama, uwargida ta tabbata tana da waɗannan a wuri ɗaya: daro ko baho uku, bokiti mai murfi da sandarsa, jarka biyu masu murfi, sabulun wata guda, bilic, alif, igiya, dutsen guga da gawayi busasshe. Ta kuma ɗaure wa kowane mutum a gidan tufafi busassu canji ɗaya cikin leda, ta rataye a bisa, ta fara da na jarirai da tsofaffi, waɗanda sanyi ya fi saurin kayarwa.

Babu ko ɗaya cikin waɗannan abubuwa da ya fi ƙarfin talaka in an fara tun da wuri, kaɗan-kaɗan. Wanda ya karanta wannan ya karanta wa maƙwabcinsa da bai iya karatu ba, mata kuma su tattauna shi a taronsu na gaba. Damina ba ta jiran kowa. Mu yi shiri tun rana tana sama, kada wankin hula ya kai mu dare.